Notre Dame da kujerar da ta suɓuce a 2025: abin da zama ba gamayya ke jawowa

Ranar Lahadi, 7 ga Disamba, 2025, kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyi 12 na zagayen sili-ɗaya-ƙwale a ƙwallon Amurkawa mai kama da zari-ruga na jami'o'i ya fitar da sunaye, aka duba aka ga babu ƙungiyar jami'ar Notre Dame. Ƙungiyar ta ci wasa 10 a jere, kowanne da tazarar maki 10 ko fiye. Wasanni biyun da ta sha kashi duka a farkon kaka ne, kuma idan aka haɗa tazarar duka biyun maki 4 ne kacal. Tun daga 4 ga Nuwamba kwamitin ke fitar da jerinsa a talabijin duk ranar Talata, sau biyar a jere yana ɗora Notre Dame sama da Miami. A makon ƙarshe babu wadda ta taka fili a cikinsu. Duk da haka sai aka wayi gari Miami ce ta 10, Notre Dame ta 11, kuma a wannan shekarar mai lamba 11 ba ta da kujera.

Kafin rana ta faɗi jami'ar ta sanar cewa ta janye sunanta daga wasannin karramawa na ƙarshen kaka da ake kira bowl, inda ake sa ran za ta kara da jami'ar Brigham Young (BYU) a birnin Orlando. Washegari daraktan wasanninta, Pete Bevacqua, ya fito ya ce ACC, gamayyar jami'o'in da Miami ke ciki, ta yi wa dangantakarsu illar da ba za ta gyaru ba.

A ganina kwamitin yana da hujjar ɗora Miami a sama, kuma Notre Dame tana da hujjar jin an yaudare ta. Duka biyun gaskiya ne. Tushen rigimar yana cikin yadda aka gina gasar tun farko, da kuma matsayin da Notre Dame ta zaɓar wa kanta a cikinta.

Yadda gasar take

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurkawa mai kama da zari-ruga, na masu hular kwano da sulken kafaɗa. A babban matakin jami'o'i akwai ƙungiyoyi 136 a kakar 2025, kuma kowacce wasa 12 take bugawa daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba. Mai kallon Firimiyar Ingila ya saba da tsarin da kowa ke karawa da kowa gida da waje, wasa 38, a ƙirga maki a ba mai rabo kofinsa. A nan hakan ba zai yiwu ba. Waɗanda ƙungiya ke haɗuwa da su cikin sauran 135 ba su wuce 12 ba, don haka biyu za su iya gama kaka da sakamako iri ɗaya alhali ɗaya ta bi ta cikin ƙaya, ɗaya ta bi titi.

Jami'o'in sun kasu gamayya-gamayya. Manya huɗu su ne Big Ten mai ƙungiya 18, ACC mai 17, sai SEC da Big 12 masu 16 kowacce. Gamayya ce ke sayar da 'yancin nuna wasanni ga gidajen talabijin ta raba kuɗin, ita ke tsara wa kowace ƙungiya wasa 8 ko 9 da 'yan gida, kuma a makon farko na Disamba tana haɗa biyun da suka fi a wasan cin kofinta. Ragowar wasa 3 ko 4 kowace jami'a ce ke nemo abokan karawarta da kanta, sau da yawa tun shekaru kafin lokacin. Wasu kan nemi manya. Wasu kan biya ƙaramar jami'a kuɗi ta zo gidansu a lallasa ta. Indiana, wadda ta ɗauki kofin ƙasa a wannan kakar, da Old Dominion da Kennesaw State da Indiana State ta cike nata gurbin, kuma babu wanda ya rage mata matsayi saboda haka.

Tun 2014 kwamiti ne ke zaɓen masu shiga zagayen ƙarshe. A tsari mutum 13 ne, daraktocin wasanni da tsofaffin kociyoyi da tsofaffin 'yan wasa, suna zama a wani otel a Grapevine da ke Jihar Texas. An ba su abubuwan dubawa: ƙarfin jadawali, wanda ya ci wani idan an haɗu, yadda kowa ya yi da abokan karawa iri ɗaya, da raunin da manyan 'yan wasa suka ji. Ba a ce musu wanne ya fi wanne nauyi ba. Daga 2014 zuwa 2023 kujeru 4 ne. A 2024 aka mai da su 12, aka ware 5 ga zakarun gamayya mafi matsayi a jerin kwamitin, sauran 7 kuma a ba waɗanda suka fi cikin ragowar. A kakar 2024 da 2025, wadda ba ta da gamayya ba ta da hanyar shiga sai ta waɗannan 7.

Dalilin da Notre Dame take ita kaɗai

A 2025 ƙungiyoyi biyu ne kawai suka rage ba gamayya a babban matakin, Notre Dame da Connecticut. A da suna da yawa. Miami kanta sai 1991 ta shiga gamayya, Florida State a 1992, Penn State a 1993, BYU kuma ta gaji da zaman kaɗaici ta shiga Big 12 a 2023. Kuɗin talabijin da wahalar samun abokan karawa su suka kora kowa cikin garke.

Notre Dame ba da son ranta ta fara zaman kaɗaicin ba. Jami'ar Katolika ce da limaman coci suka kafa a 1842 kusa da South Bend a Jihar Indiana, tsakiyar yankin Big Ten. Ta nemi shiga gamayyar fiye da sau ɗaya ana mayar da ita, har da 1926 a zamanin koci Knute Rockne, lokacin da ƙyamar Katolika ke da ƙarfi a wannan yanki, kuma Fielding Yost na Michigan na cikin masu adawa da karɓarta. Da maƙwabta suka ƙi karawa da ita, sai Rockne ya riƙa ɗaukar yaransa a jirgin ƙasa zuwa New York su kara da Army, makarantar horar da sojojin ƙasa, zuwa Los Angeles su kara da jami'ar Kudancin California (USC). Karawa da USC ta fara a 1926, ta Navy, makarantar sojojin ruwa, a 1927. Ta haka ta tara magoya baya a faɗin ƙasar, musamman 'ya'yan baƙin haure Katolika daga Ireland da Italiya da Poland waɗanda ko ƙofar jami'ar ba su taɓa gani ba. A 1999 Big Ten ce ta zo neman ta, ita kuma ta ce a kai kasuwa.

Abin da ya ba ta ƙarfin faɗin haka kuɗi ne. Tun 1991 tashar NBC ke nuna wasanninta na gida bisa yarjejeniyar da ita kaɗai ke cin moriyarta, kuma a 2023 aka tsawaita ta zuwa 2029. Haka ma ladan zagayen ƙarshe. A kakar 2024 ta kai wasan ƙarshe, ta sha kashi a hannun Ohio State da ci 34 da 23, ta tashi da dala miliyan 20 da babu mai raba ta da su. Ohio State da ta ci kofin, nata kason asusun Big Ten ya shiga.

Sai dai 'yancin bai cika ba. Tun 2013 sauran wasanninta, irin su ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa da muka sani, a ACC take buga mafi yawansu, kuma a madadin haka ta amince ta riƙa karawa da ƙungiyoyin ACC kusan 5 duk shekara a ƙwallon Amurka, tun daga 2014. Ba ta shiga teburin gamayyar, ba ta zuwa wasan kofinta, ban da 2020 da annobar korona ta sa ta shiga na shekara ɗaya. Wato kusan rabin jadawalinta a hannun gamayyar da ba tata ba yake. Wannan ya yi tasiri a 2025 fiye da yadda aka lura.

Kakar kanta

Ranar 31 ga Agusta Notre Dame ta je Miami da sabon mai jefa ƙwallo, CJ Carr, wanda ranar ce ta farko da aka fara wasa da shi. Miami ta yi gaba, Notre Dame ta farke ta kamo ta, sannan Miami ta buga ƙwallo tsakanin sanduna ana dab da tashi, aka ƙare 27 da 24. Ranar 13 ga Satumba Texas A&M ta zo South Bend. Notre Dame ta ci maki 6 a mintunan ƙarshe, amma wajen bugun ƙarin maki ɗaya ƙwallo ta suɓuce wa mai riƙewa. A&M ta karɓa, ta ci nata saura daƙiƙa 13, ta buga ƙarin, aka tashi 41 da 40.

Daga nan ba wanda ya sake tsaya wa yaran koci Marcus Freeman. Sun zura wa Purdue 56, sun je Arkansas sun yi 56 da 13, har jami'ar ta sallami kocinta washegari. Boise State 28 da 7, USC 34 da 24, Navy 49 da 10, Pittsburgh 37 da 15, Syracuse 70 da 7, Stanford 49 da 20. Jeremiyah Love, mai gudu da ƙwallo, ya kai cikin waɗanda aka gayyata bikin kyautar Heisman ta gwarzon shekara.

Wanda ya kalli wasannin zai ce wannan ƙungiya tana cikin 10 mafi ƙarfi a ƙasar, kuma da wuya a yi masa musu. Wanda ya kalli takarda kuma zai tambaya: su wa ta ci? Purdue ta gama kaka da nasara 2 da kashi 10. Arkansas haka, Boston College ma haka. Syracuse 3 da 9, Stanford 4 da 8. Nasara mafi tsoka ita ce ta USC, wadda ta gama 9 da 3. Manya biyun da ke jadawalin, waɗanda duka suka shiga zagayen ƙarshe, su ne suka doke ta.

Ba za a ce Notre Dame ta nemi sauƙi ba. Wanda ya buɗe kaka da tafiya Miami ya bi da Texas A&M bai gudu ba, kuma lokacin da aka sa hannu a karawa da Arkansas ba wanda ya san za ta lalace haka. Amma Boston College da Syracuse da NC State da Pittsburgh ta hanyar ACC suka shigo, kuma ACC ta yi rauni a wannan shekarar. Ƙungiyar da ke cikin SEC, ko da ta yi tuntuɓe sau biyu a Satumba, gamayyarta za ta kawo mata manya uku ko huɗu a Oktoba da Nuwamba da za ta wanke kanta da su. Notre Dame bayan 18 ga Oktoba, ranar da ta doke USC, ba ta da wani wasan da cin sa zai ɗaga ta sosai.

Miami kuwa, bayan ta fara da nasara 5, ta faɗi a gida hannun Louisville 24 da 21, ta sake faɗi hannun SMU 26 da 20 a ƙarin lokaci ranar 1 ga Nuwamba. Bayan kwana uku kwamitin ya fitar da jerinsa na farko: Notre Dame ta 10, Miami ta 18. Dukansu kashi 2 ne, kuma ɗaya ta doke ɗaya. A nan aka shuka rigimar. Miami ta ci sauran wasanninta 4, ta rufe da lallasa Pittsburgh 38 da 7, tazarar da ta fi ta Notre Dame a kan ƙungiya ɗaya, tana hawa sannu a hankali har ta kai ta 12. Duk makon da aka tambayi kwamitin batun wasan 31 ga Agusta, amsar ita ce ƙungiyoyin biyu ba su matso kusa da juna ba har da za a auna su da shi.

Kwana shida na ƙarshe

Ranar Talata, 2 ga Disamba, kwamitin ya yi abin da a lokacin ya zama kamar ƙarami. Alabama ta doke Auburn da ƙyar, 27 da 20, Notre Dame ta yi wa Stanford tazarar maki 29, amma sai aka ɗaga Alabama zuwa ta 9, aka sauke Notre Dame ta 10. BYU ta 11, Miami ta 12. Da yake zakarun gamayya biyu da ke can ƙasa za su ɗauki kujeru biyu na ƙarshe, lamba 10 ce bakin iyaka.

Ranar Asabar aka buga wasannin kofin gamayyoyi. Texas Tech ta lallasa BYU 34 da 7. Georgia ta lallasa Alabama 28 da 7. A ACC kuma abin mamaki ya faru. Ƙungiyoyi biyar ne suka yi kunnen doki a matsayi na biyu da nasara 6 da kashi 2 a wasannin gamayya, har da Miami, amma ƙa'idar raba gardama ta ba Duke gurbin, duk da kashi 5 da ta sha a kakar. Duke ta doke Virginia 27 da 20 a ƙarin lokaci. Zakaran ACC ya zama ƙungiya mai 8 da 5 da ba ta cikin jerin 25 na kwamitin, don haka kujerun zakaru biyu na ƙarshe suka tafi ga Tulane da James Madison daga ƙananan gamayyoyi. Ma'anar wannan, idan ba a ɗauki Miami ba, ɗaya daga manyan gamayyoyi huɗu za ta tashi ba ta da ko ƙungiya ɗaya a zagayen da tashar ESPN ke biyan sama da dala biliyan ɗaya a shekara a sabuwar yarjejeniyarsa.

ACC ba ta ɓoye inda ta karkata ba. Shafukanta na sada zumunta sun yi ta jera Miami da Notre Dame gefe da gefe, tasharta ta talabijin kuma ta yi ta maimaita wasan 31 ga Agusta a wannan makon. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Alabama tana da SEC, BYU tana da Big 12, Miami tana da ACC, kowacce da kwamishinan da aikinsa ke nan ya yi mata kamfe. Notre Dame daraktan wasanninta ne kawai, kuma gamayyar da take zuba wa 'yan kallo sau biyar a shekara ita ce ke yaƙarta a fili.

Da aka sanar da sakamako, shugaban kwamitin, Hunter Yurachek, wanda shi ne daraktan wasannin Arkansas, ya ce faɗuwar BYU ce ta sa aka sauke ta ƙasan Miami, da hakan ta faru sai Miami da Notre Dame suka zama maƙwabta a jeri, da aka auna su aka ga kusan komai ɗaya ne, sai aka koma ga wasan da suka buga da juna. Ya ce ya umarci 'yan kwamitin su sake kallon wasan.

Ƙarshen wannan bayani daidai ne. Ƙungiyoyi biyu masu 10 da 2, masu jadawali kusan ɗaya, sun haɗu a fili ɗaya ta ci, ban ga hujjar ɗora wadda aka ci a sama ba. Masu cewa wasan Agusta ya tsufa suna neman a ce makon farko ba ya cikin kaka, kuma idan aka yarda da haka babu dalilin buga shi. Farkon bayanin ne ba ya shiga hankali. Ko Miami ta fi Notre Dame ko ba ta fi ta ba, abin da BYU ta yi a Texas ranar Asabar ba shi da hannu a ciki. Idan wasan 31 ga Agusta ne alƙali ranar 7 ga Disamba, shi ne alƙali ranar 2 ga Disamba, da ranar 25 ga Nuwamba, lokacin da tazarar ta riga ta ragu zuwa matakai kaɗan. Kwamitin ya bar kuskurensa na 4 ga Nuwamba yana tafiya mako biyar, sannan ya gyara shi a ranar da ba sauran wasan da kowa zai buga ya kare kansa. Jerin Talatar nan shiri ne na talabijin kafin ya zama komai, kuma shi ya sa 'yan wasan Notre Dame suka kwana da tabbacin suna ciki.

Inda aka bar jaki ana dukan taiki

Hayaniyar duk a kan Miami ta tsaya, alhali tambayar da ta fi wuya Alabama ce. Ta gama da 10 da 3. Ta buɗe kaka da shan kashi 31 da 17 a hannun Florida State, wadda ta ƙare da 5 da 7, kuma babu ɗaya cikin masu neman kujerar da ke da tabo irin wannan. Ta faɗi a gida hannun Oklahoma, sannan Georgia ta yi mata tazarar maki 21 a wasan kofi. Duk da haka ko mataki ɗaya ba ta sauka ba.

Hujjar kwamitin ƙarfin jadawali ne, kuma hujja ce mai nauyi. A Satumba Alabama ta je gidan Georgia ta ci 24 da 21, ta biyo da Vanderbilt da Missouri da Tennessee a jere. Notre Dame ba ta da nasara ko ɗaya da ta kai ta Georgia. A watan Agustan 2025 ma masu gudanar da gasar sun sanar da sabon ma'auni da ke ƙara lada ga cin manya, ya rage hukuncin faɗuwa a hannunsu, bayan SEC ta yi ta ƙorafi a kakar da ta gabata. Akwai kuma al'adar cewa ba a hukunta ƙungiya don ta kai wasan kofin gamayya ta faɗi, tunda wasa ne na ƙari da wasu ba su buga ba. A 2024 da wannan aka bar SMU a ciki bayan Clemson ta doke ta 34 da 31, aka bar Alabama ɗin a waje.

To amma BYU fa? Ita ma wasan kofi ta je ta faɗi, kashinta biyu duka a hannun Texas Tech ne, ƙungiya ta 4 a ƙasar, kuma ita an sauke ta. Wannan saukewar ce ta buɗe wa Miami ƙofa. Ƙa'ida ɗaya, rana ɗaya, an yi aiki da ita a kan ɗaya an ɗage wa ɗaya. Ana iya cewa tazarar maki 27 ta fi ta 21, ko cewa Alabama ta taɓa doke wadda ta doke ta, BYU kuwa sau biyu ana lallasa ta. Duk ana iya faɗa. Matsalar ke nan da ma'auni huɗu da ba a jera su ba: kowane hukunci aka yanke, akwai ɗaya a cikinsu da zai tsaya masa.

Ba yau aka fara ba. A 2014 TCU tana ta 3, ta ci wasanta na ƙarshe 55 da 3, aka wayi gari tana ta 6, saboda Ohio State ta yi wa Wisconsin 59 da nema a wasan kofin Big Ten, Big 12 kuwa, gamayyar TCU, ba ta da wasan kofi a lokacin. Darasin da aka ɗauka shi ne wasa na 13 na da muhimmanci, har Big 12 ta dawo da nata a 2017. A 2023 Florida State ta ci duka 13, ta ɗauki kofin ACC, aka bar ta a waje saboda mai jefa ƙwallonta Jordan Travis ya karye, aka ɗauki Alabama mai kashi ɗaya.

Wasa na 13 ɗin nan shi ne ainihin kuɗin da Notre Dame ke biya. Masu sukarta sun daɗe suna cewa tana zaune a gida ranar da wasu ke kasadar faɗuwa, kuma a wasu shekarun hakan ya amfane ta. A 2025 ya juya mata. Wasan kofi ya zama abin da zai iya ɗaga ƙungiyar SEC idan ta ci, ba zai sauke ta ba idan ta faɗi. Da a ce Notre Dame cikakkiyar 'yar ACC ce, kashi ɗaya ne kawai za ta sha a gamayya a irin wannan jadawali, kuma da wuya a ce ba ita za ta tsaya gaban Virginia a madadin Duke ba. Ga ƙungiya mai matsayinta, cin wannan wasan kujera ce kai tsaye, ba sai an jira ra'ayin kowa ba. Saboda haka nake ganin ƙorafin Bevacqua a kan ACC bai da ƙarfi. Gamayya ta tsaya wa mambarta da ke raba kuɗi da ita, wannan shi ne aikinta. Kwamishinan Big 12, Brett Yormark, ya fito fili ya soki kalaman nasa.

Janyewa daga wasan bowl kuma ya raba kan masu kallo. Wasu sun ce girman kai ne. Amma wasannin nan sun riga sun rage daraja tun da manyan 'yan wasa suka fara ƙin buga su don tsoron rauni kafin shiga gasar ƙwararru ta NFL, kuma ba Notre Dame kaɗai ta ƙi zuwa a wannan shekarar ba.

Abin da fili ya nuna daga baya

Miami ta je gidan Texas A&M ta ci 10 da 3, ta fitar da mai riƙe da kofi Ohio State 24 da 14, ta doke Ole Miss 31 da 27, sannan ta faɗi a wasan ƙarshe hannun Indiana 27 da 21 ranar 19 ga Janairu, 2026. Alabama ta rama a kan Oklahoma 34 da 24, sai Indiana ta yi mata 38 da 3. Tulane da James Madison duka sun fita a zagayen farko da tazara mai yawa. Kowane ɓangare ya samu abin kafa hujja. Ni dai ban ɗauki sakamakon Janairu a matsayin alƙalin hukuncin Disamba ba, don kwamitin bai gan shi ba lokacin da ya zauna. Abin da ya nuna shi ne ƙungiyar da aka ajiye a ta 18 ranar 4 ga Nuwamba ba wurinta ke nan ba tun farko.

Tasirin da ya fi dorewa a kan jadawali yake. Texas, wadda ta gama 9 da 3 ta tsaya a ta 13, ɗaya daga kashinta a gidan Ohio State ta sha a makon farko, 14 da 7, wasan da ba wanda ya tilasta mata shirya shi. Kocinta Steve Sarkisian ya yi ta tambayar amfanin shirya irin waɗannan wasanni idan ƙirgen kashi ne zai yi hukunci. Da Notre Dame ta sa ƙaramar jami'a a gurbin Texas A&M, da 11 da 1 take, kuma da ba a yi wannan muhawara ba. A 2024 ta faɗi a gida hannun Northern Illinois 16 da 14, ƙungiyar da ita ta biya kuɗi ta gayyato, amma da yake kashin ɗaya ne ta shiga ba gardama. Kashi ɗaya mai muni ya fi kashi biyu masu daraja sauƙin yafewa, kuma duk daraktan wasanni a Amurka ya ga wannan.

SEC ta koma wasa 9 na cikin gida daga 2026, ACC ma ta bi sahu, abin da ke rage guraben da mai zaman kanta za ta samu manyan abokan karawa, musamman a Oktoba da Nuwamba. A Disambar 2025 aka tabbatar cewa karawar Notre Dame da USC, wadda ta kusa cika shekara 100, ba za a buga ta a 2026 ba. USC, da ke Big Ten yanzu tana ketare ƙasar kusan duk mako biyu, ta so a mai da wasan farkon kaka, ba a daidaita ba. BYU ce ta maye gurbin na shekara biyu. Tun kafin nan Notre Dame ta ƙulla karawa ta shekara 12 da Clemson daga 2027, alamar ta san inda takalmin jadawalinta ke yoyo.

Kuma tana da wani abu a aljihu. A yarjejeniyar da gamayyoyi suka sa wa hannu a 2024, an rubuta cewa daga kakar 2026, muddin Notre Dame ta gama cikin 12 na farko a jerin kwamitin, kujerarta tabbas ce, ko da zakarun ƙananan matsayi sun ture wasu. Babu wata jami'a da ke da irin wannan sharaɗi da sunanta. Da yana aiki a 2025, Notre Dame mai lamba 11 ce za ta shiga, wadda za a cire mata kuwa ita ce mai lamba 10, Miami, wadda ta doke ta a fili ranar 31 ga Agusta kuma ta je har wasan ƙarshe.